Leƙau, Abin Leƙen Kyamarar Baba, Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido mai cike da ƙwalla, idon da dama can ba wani gani yake yi sosai ba, Baba Mai Kyamara na shagon ɗaukar bidiyo da ke ƙarƙashin bene, tsakanin tela da mai gyaran agogo, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da abokan sana'a rasuwar amininsa kuma rufin asirinsa, wato Leƙau. Rai ya yi halinsa ranar Asabar ɗin da ta wuce da tsakar rana, a kan wata farar kujerar roba, bayan gajeriyar jinyar da ba ta kai tsawon shan kofin ruwa ba.

Ga waɗanda ba su yi hulɗa da marigayin ba, ko suka sha ganinsa ba su taɓa tambayar sunansa ba, Leƙau wani ɗan baƙin akwati ne da bai fi a rufe shi a tafin hannu biyu ba. Yana da gilashin ƙara girma a cikinsa da bakin roba mai laushi. A bayan kyamara ake maƙala shi, a kan ɗan sikirin ɗin da mai ɗauka yake kallo. In ka kafa idonka a robar nan, hasken rana ba ya samun ƙofar shiga, hoto ya taso maka ƙato, har ka ga gashin hancin mai jawabi in kana da bukata. Yana kuma da wani ɗan zobe a wuyansa da ake murzawa har sai hoton ya yi daidai da ƙarfin idon mai shi. Wannan zoben, jama'a, shi ne maganar gaba ɗaya.

Ba ɓoyayyen abu ba ne a layin, ko da yake ba mai faɗa a gabansa, cewa idon Baba ya daɗe da fara ja da baya. Abin da ke nesa yana hango shi tar, zai iya gaya maka lambar motar da ke tsallaken titi. Amma abin da ya matso kusa da hancinsa sai ya narke ya zama hazo. Tabarau kuwa ya ce ba da shi ba, wai wa zai miƙa taronsa ga mai ɗaukar hoton da ke neman agaji kafin ya gani. Babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Manaja saboda ita ke tace hotuna a kwamfuta kuma ita ke riƙe da makullin shago, ta daɗe tana son ya sauka daga ɗauka ya zauna a kujera. Ta yi lallashi, ta yi hannunka mai sanda, ta haɗa shi da mahaifiyarta, duk a banza. Daga ƙarshe suka yi yarjejeniya a gaban tela.

"Baba, ba zan ƙara yi maka maganar ba," in ji ta. "Amma ranar da ka kawo min aiki ya fito dishi-dishi, ranar za ka miƙo min kyamarar nan da hannunka."

"Na yarda," ya ce, yana buga ƙirji har da tari. "Sai ki gyara zama, don za ki tsufa kina jira."

Abin da ya ba shi wannan bakin shi ne Leƙau. Tun daga ranar har zuwa Asabar ɗin nan, ɗan akwatin nan ne kaɗai ya tsaya tsakanin Baba da kujerar zaman kashe wando.

Marigayin bai shigo gidan nan da sauƙi ba, sai da aka yi tankaɗe da rairaya. A lokacin Baba ya gaji da yaƙi da rana, domin duk aikin da aka yi a fili, in ya dubi sikirin ba ya ganin komai sai fuskarsa tana zufa. Ya gwada tawul a ka, yara suka riƙa binsa. Ya gwada kwalin sabulu da salatif, iska ta tafi da shi a tsakiyar jawabin wani shugaban makaranta. Sai ya shirya ya tafi shagon masu kayan hoto, aka jera masa 'yan takara uku a kan kanta. Na farko mai maɗaurin roba ne da ake zagaya wa kyamara, yana da kirki amma ba ya zama wuri ɗaya, kullum zamewa yake kamar wandon aro. Na biyu mai faranti ne na ƙarfe da ake ɗaure wa da kusa ta ƙasa, ƙaƙƙarfa mai ji da kai, sai dai in ya zauna ya toshe ƙofar batir, kafin ka canza batir sai ka kwance shi, kafin ka kwance shi taro ya watse. Na uku ya zauna can gefe. Shi da firam ɗinsa ya zo, ɗan siririn ƙarfe mai gam a baya da ake manna wa a kewayen sikirin, shi kuma ya kama jikin firam ɗin da maganaɗisu. Baba ya kai shi kusa, sai ya ji ƙwas! Ya cire, ya sake kaiwa, ƙwas! Waɗanda suka raka shi sun ce tun daga nan ya daina sauraron mai shago.

Takardar da ta zo da shi ta yi gargaɗi cewa in an manna firam, a ɗora masa abu mai nauyi, kada a taɓa shi sai washegari. Baba ya goge sikirin da ƙyalle har ya kusa huda shi, ya riƙe numfashi, ya manna. Ya kifa kyamara a kan matashin kai a tsakiyar ɗaki, ya naɗe hankici ya shimfiɗa, ya ɗora dutsen guga a kai, sannan ya kafa dokar hana zirga-zirga. Aka hana yara gudu, aka hana fanka juyawa, aka roƙi maƙwabcin sama ya yi tafiya a hankali. Shi kuma ya ɗauko kujera ya zauna gadi. Sai dai mai gadi ma mutum ne, ya ɗan zagaya bayi. Maiɗakinsa, baiwar Allah da ba ta san an kafa sabuwar gwamnati a gidan ba, ta shigo ta ga dutsen gugarta a kan matashi, ta ɗauka ta goge mayafi, ta dawo da shi wurinsa da ɗuminsa. Ɗumin ya sassauta gam, firam ya ɗan zame gefe guda, ya daskare a haka.

Da Baba ya ga aika-aikar da aka yi, sai ya tsorata kada firam ɗin ya ƙara motsi, ya bi gefensa da gam mai ƙarfin nan, sufa gulu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Firam ya zauna a karkace zama na har abada, ba mai raba shi da sikirin sai dai a fasa su tare. Tunda kyamara dole ta tsaya a miƙe, kuma Leƙau ya ƙi miƙewa, wuyan Baba ne ya sadaukar. Hoto a miƙe, wuya a karkace, haka aka yi shekara da shekaru. Har ya zama ko ba ya ɗauka kansa a langaɓe yake, kamar mai jin tausayin wanda ke gabansa. Mutanen da bai sani ba sukan tsayar da shi a tashar mota su zayyana masa matsalarsu da surukai, su yi godiya su wuce. Tela ma ya san da zaman abin, in zai ɗinka masa riga yakan rage wuyan ta ɓangare ɗaya.

A halin zamansa da jama'a, marigayin ba shi da abokin faɗa. Bai taɓa neman caji ba, bai taɓa cewa katin ajiyar hoto ya cika ba, bai taɓa mutuwa ana tsakiyar aiki ba kamar yadda wasu batira suka mai da shi sana'a. Ba ya da yawan magana. Ƙwas in ya kama aiki, fuf in aka janye ido daga robarsa, sai wani ɗan ƙiii da zobensa yake yi in an murza, kamar mai neman izini. Ya sha zufar Baba ba iyaka bai taɓa yamutsa fuska ba. Ya ga amaren da suka yi kuka da angwayen da suka yi barci, ya ga manyan baƙi suna sakace haƙori suna zaton ba a kunna ba, bai taɓa kai maganar kowa gaba ba. In yana da aibi, bai wuce biyu ba. Da safe in Baba ya sha shayi mai zafi yakan yi raɓa a gilashi, duniya ta yi fari fat, sai an yi masa fifita. Sannan robarsa takan bar wa Baba baƙin da'ira a kewayen idon dama, har wata mai sayar da magani ta taɓa jan maiɗakinsa gefe ta ce mata a riƙa haƙuri da juna, duka ba ya gyara namiji.

Da shekaru suka tura, idon Baba ya ƙara yin nisa, ya riƙa murza zobe, ƙiii, ƙiii, har wata rana zobe ya kai ƙarshen iyakarsa ya tsaya. Hoto ya fara dusashewa a gefe-gefe. Baba bai gaya wa kowa ba sai mai gyaran agogo, tsohon abokinsa, mutumin da shi ma da gilashi a ido ɗaya yake cin abinci, don haka ya san zafin abin. Aka rufe ƙofa aka yi wa Leƙau tiyata. Mai agogo ya zazzage gwangwanin tsofaffin gilasai, suka riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya, har aka dace da wani da aka ciro daga abin hangen nesa na wani maharbin da ya daina fita. Aka dasa shi a ciki aka liƙe. Baba ya leƙa, sannan ya ce ashe telan nan yana da furfura. Daga ranar Leƙau ya zama na mutum ɗaya a duniya. Duk wanda ya ara ya leƙa sai jiri ya ɗebe shi. Manaja ta taɓa kai idonta, ta janye, ta dubi mahaifinta tsawon lokaci, ta koma kan aikinta, domin yarjejeniya a kan hoto aka yi, hoto kuma yana fitowa tar.

Tsufa ba ya barin kowa. A 'yan shekarun nan robar bakinsa ta tsattsage, maganaɗisunsa ya yi sanyi, ƙwas ɗin nan mai ƙarfi ya koma ƙus. Ya faɗi a matakalar bene, ya faɗi a cikin kwandon kayan wanki, aka riƙa tallafa masa da robar ɗaure gashi. Murfin gilashinsa kuwa ya ɓace tun tuni, ana zargin wata jika da ta mai da shi farantin 'yar tsana, amma ba a kama ta da shi ba. Duk da haka kullum da shi ake fita.

Ranar da abin zai faru, wani kamfanin yin bututun ruwa ne ya ɗauki Baba ya ɗaukar masa bikin buɗe sabon ɗakin ajiya. An kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗaura kirtanin da za a yanka, babban baƙo kuma bai iso ba, kamar yadda manyan baƙi suka saba. Baba ya tsaya a rana har ƙishirwa ta kama shi. Ya sauke kyamara daga ƙafafunta uku ya kwantar da ita a kan farar kujera, bakin Leƙau yana kallon sama, ya shiga rumfa neman ruwa. Duk ɗan sana'a ya san ba a barin gilashin ƙara girma a buɗe yana fuskantar rana, Baba da kansa ya sha yi wa wasu wa'azi a kai. Amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Rana ta leƙa ta inda Baba ya saba leƙawa, gilasai biyu suka tattara ta wuri ɗaya, suka yi aikin da aka halicce su dominsa. Wani mai jera kujeru ne ya fara cewa yana jin ƙauri. Kafin Baba ya iso, hayaƙi na tashi siriri, roba ta narke, gam ɗin da aka liƙe gilashi da shi ya sake, gilashin maharbi ya tsage biyu. Waɗanda ke kusa sun ce kalmar ƙarshe da marigayin ya furta ita ce tas. Ranar nan da aka kawo shi don ya yi yaƙi da haskenta, ita ce ajalinsa.

Ana cikin haka sai ga jiniyar babban baƙo. Baba ya ɗora kyamara a ƙafafunta, ya dubi sikirin tsirara, ga tabon ƙuna a tsakiya kamar an kashe sigari, ga hasken rana, ga hazon idonsa. Ya murza saitin hoto da ƙiyasi, ya ce Allah ya rufa asiri, ya kunna. Ya ɗauki taron daga farko har ƙarshe, bai zauna ba, bai nuna wa kowa komai ba.

Da yamma Manaja ta sa katin a kwamfuta, shi yana tsaye a bayanta. Babban baƙo ya fito kamar tururin tukunya sanye da hula. Kirtani bai fito ba, almakashi bai fito ba, shugaban kamfani da matarsa sun haɗe sun zama abu ɗaya mai launin shuɗi. Amma can a bayansu, a kan katangar sabon ɗakin ajiya, akwai wani ƙadangare da ya fito tar, ana iya ƙirga ɓawon jikinsa. Tun daga buɗe taro har rufewa yana nan yana gyaɗa kai, duk abin da babban baƙo ya faɗa ya amince. Tela da ya leƙo ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin ƙadangaren da aka ɗauka da kyau haka ba, kuma ya faɗa ne don ƙarfafa gwiwa. Kamfanin bututu sun aiko suna tambaya ko ƙadangaren yana da wani muƙami da ba a sanar da su ba. Manaja kuwa ta kalla har ƙarshe, ta kashe, ta tashi ta haɗa wa mahaifinta shayi. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

An yi iya ƙoƙari. An garzaya da marigayin wurin mai agogo, ya sa gilashinsa ya duba, ya cire, ya girgiza kai ya ce sai haƙuri. An zaga shagunan kayan hoto, aka ce irinsa an daina yi tun tuni, sababbin kuma ba sa hawa karkataccen firam. Wani mai shago ya riƙe masa sabo fil da hannu a kan sikirin, Baba ya leƙa, ya murza zobe har ƙarshe, ya ce wannan jabu ne, ba a ganin komai. Mai shago ya buɗe baki zai ce matsalar ba daga kayan take ba, Manaja ta taka masa ƙafa ta ƙarƙashin kanta, ya rufe.

Marigayin ya rasu ya bar mata ɗaya, wato firam, tana nan manne a karkace tana takaba, ba mai iya aurenta. Ya bar kyamara da tabo a fuska, da ƙafafu uku da ɗayansu ke ɗingishi, da batira da dama waɗanda ba su taɓa yi masa kara ba. Ya bar mai agogo da ya ce da shi za a binne mafi kyawun aikin hannunsa. Ya kuma bar wani dattijo mai langaɓaɓɓen wuya, wanda tun ranar yake zuwa shago da sassafe, ya goge kyamara, ya duba batir, ya rasa abin yi na gaba. Ba wanda ya tuna masa yarjejeniya, ba Manaja ba, ba tela ba. Shi da kansa ne shekaranjiya ya naɗe maratayin kyamarar, ya ajiye ta a kan teburin 'yarsa kusa da kwamfuta, ya ce wai ta ɗan riƙe masa zai je ya dawo. Ya fita ya zauna a bencin tela har aka rufe kasuwa. Abin da ciwo, kuma ba a ɓoye ba.

Za a yi jana'izar Leƙau ranar Asabar mai zuwa a cikin shago, da yamma liƙis bayan rana ta faɗi, don kada a haɗa mamaci da wadda ta kashe shi. Za a naɗe shi a ƙyallen goge gilashi, mai agogo da tela su ɗauke shi daga kan kanta zuwa makwancinsa a durowar ƙasa, kusa da cajojin da suka riga shi. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su zo da furanni, kada su zo da adireshin likitan ido, kada kuma wanda ya ambaci ƙadangare ko da a misali ne.

Manaja ce za ta ɗauki jana'izar. Da za ta shirya, ta bincika kwamfuta kaf tana neman hoton Baba tare da marigayin don a kafa a bakin ƙofa. Ta samu bukukuwan mutanen gari, ta samu ranar da ita kanta ta fara tafiya, ta samu muryarsa a bayan kowane faifai tana cewa a ɗan gyara tsayuwa. Shi kansa ba ta same shi ba ko sau ɗaya, sai inuwarsa a ƙasa da gefen babban yatsansa. Jiya ya kira ta gefe yana tambaya da ƙaramar murya ina zai tsaya, kuma me mutane suke yi da hannuwansu in ana ɗaukarsu.

"Ka tsaya duk inda ka ga dama, Baba," ta ce. "Zan same ka."

Saboda haka ana roƙon jama'a, in an kunna kyamara, a ɗan buɗa masa wuri a sahun gaba, kada kuma a hanzarta shi. Wannan ne karonsa na farko.